Daga Gafaka Zuwa Jakar Goyo: Abin da Babbar Kasuwar Yamai Ke Tunawa Game da Kayan Matafiyi

A Yamai idan ka tambayi kuɗin jaka, da jaka za a ba ka amsa. Mai shago zai ce maka jika goma ko jika ashirin, domin a bakin Bahaushen Nijar jika ɗaya ita ce dala ɗari biyu, wato sefa dubu guda. A Najeriya kuwa jaka naira ɗari biyu ce, gadon zamanin da ake ɗure fam ɗari na sulalla a jaka guda. Kafin sule da sefa ma akwai keso, buhun tabarma mai cin wuri dubu ashirin. Ke nan a wurin kakanninmu jaka ma'auni ce, kowa ya san abin da take ci da inda take tsayawa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, duk shekara da zarar sakamakon jarrabawar Bak ya fito, aka fara maganar guraben karatu a Aljeriya da Maroko da Turkiyya da Masar, sai iyaye su riƙa tare ni da tambaya iri ɗaya: "Malam, wane irin akwati za mu saya wa yaron nan?" Amsata ba ta canzawa. Nakan ce a fara da jakar goyo guda ɗaya, wadda zai iya tafiyar ƙasa da ita, kuma a yarda ya shiga jirgi da ita a hannunsa. In akwai akwati, to ƙari ne. Sau da yawa sai in ga fuskar uba ta canza, wata uwa ma ta fito fili ta ce, "Haba Malam, ɗana zai bar ƙasa da jaka ɗaya sai ka ce almajiri?" Wannan kunyar tana da tarihi, kuma tarihin nata bai yi tsawon da muke zato ba.

Bahaushe a ka yake ɗaukar kaya. Baya na goyo ne, shi ya sa da jakar Turawa mai maɗauri biyu ta zo, sunan da ya fi zama da ita shi ne jakar goyo. Falken ƙarni na 19 da ya nufi Gwanja saro goro yana tashi daga Kano ko Sakkwato, ya ratsa Jega, ya ƙetare Kwara a wajajen Illo da Gaya, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga. Zuwa da dawowa watanni ne masu yawa, wani lokaci shekara. A wannan tafiya kowane kaya da mazubinsa: taiki na hatsi, salka ta ruwa, waga ta goro, mangala a bayan jaki, burgame na ƙananan tarkace, zabira a wuyan wanzami. Iyakar kayan mutum ita ce wuyansa da ƙarfin jakinsa. Ga kuma kuɗin fito a bakin kogi da harajin sarakunan hanya, waɗanda ake lissafawa a kan dabbobi da kaya. Duk ƙunshin da ka ƙara, za ka biya shi a kowace mashiga, ka kuma ji shi a wuyanka tsakanin loko da loko. Madugu ba ya jiran mai kayan banza. Har yau akwai unguwar Zongo a tsakiyar Yamai, masaukin baƙin 'yan kasuwa tun garin bai zama gari ba, tun kafin Faransawa su ɗauke babban birni daga Damagaram su kawo shi nan a 1926.

Almajirin da waccan uwa take gudun a kwatanta ɗanta da shi, ni a wurina shi ne malamin wannan fanni. Gafaka a rataye, allo, buzu, ɗan goran ruwa, shi ke nan. Gafaka jaka ce ta fata da dukawa suka ɗinka domin abu ɗaya, kare takarda daga ruwa da ƙura, kuma ba ta rabuwa da jikin mai ita. Alhazan ƙasa da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin a bakin Bahar Maliya, suna shekaru a hanya suna noma suna ƙodago, da irin wannan guzuri suka tashi. Abin da ya fi daraja shi ne a jiki. Sauran duk abin da za a iya samu ne a gaba.

To yaushe nauyin kaya ya zama abin alfahari? Sunayen kayan da kansu sun ba da labari. Adaka kalmar mutanen Asante ce, ta biyo hanyar goro. Akwati daga bakin Yarbawa muka ɗauko shi. Fantimoti na Ingilishi ne. Babu ɗaya a cikinsu da aka yi domin a ɗora wa jaki a ratsa daji da shi, duk sun bunƙasa ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manyan motoci kuma suka fara bin hanyoyi. Da ƙarfe ya karɓi aikin wuya, sai iyaka ta ɗage. A shekarun 1950 samarin Nijar, Zabarmawa da Hausawa, suna kwarara zuwa Kumasi da Ankara cin rani. Da yawansu dako suke yi a kasuwa, har aka riƙa kiran masu wannan aiki kaya-kaya, kalmarmu ce ta zauna a bakin mutanen Gana. Jean Rouch ya ɗauki wannan tafiya a fim ɗinsa Jaguar, tare da Damouré Zika da abokansa. Saurayi yakan tafi da ƙunshi a hannu, ya dawo da adaka a saman mota, dangi su taru a buɗe ta a tsakar gida. Girman adaka shi ne shaidar cewa tafiya ta yi albarka. Da jirgin sama ya fara jigilar alhazai, sai akwatin Makka ya gaji adakar Kumasi. Haka kayan lefe. A cikin shekaru kamar hamsin mun koyi auna mutuncin matafiyi da yawan abin da aka sauke masa daga saman mota, kuma wannan ma'aunin ne yake magana a bakin iyaye yau.

Tarihi bai bar mu ba gargaɗi ba. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, 'yan Nijar da 'yan Najeriya da yawa suka baro shaguna da gidaje, suka fito da abin da hannu zai iya ɗauka. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin nata, mutane fiye da miliyan guda suka bar Najeriya cikin 'yan makonni, akasarinsu 'yan Gana, amma da 'yan Nijar a ciki. Daga nan ne jakar ledar nan mai zane-zanen ja da shuɗi ta samu sunanta na Gana-mas-go. Jaka ce mai araha, mara nauyi, mai haɗiye duk abin da aka tura mata, sai dai ba ta da siffa, zif ɗinta kuma ba ya da alƙawari. Ta yi mulkin tashoshin mota shekara arba'in. A watan Nuwamban 2023 kamfanin jiragen saman Habasha ya sanar da cewa ya daina karɓarta daga Najeriya sai in an saka ta a kwali ko wani mazubi mai kusurwa huɗu, saboda tana maƙalewa a injinan da ke jan kaya a filin jirgi.

Ita kanta Babbar Kasuwa ta san ciwon rasa kaya. Tun shekarun 1950 take ci a tsakiyar gari, sai gobarar 1982 ta cinye ta ƙurmus. Aka kwashe 'yan kasuwa zuwa Wadata, aka ɗauki shekaru ana gini, sannan aka buɗe wadda muke gani yanzu, mai ganuwa da manyan ƙofofi da dubban shaguna, a farkon 1987, a shekarar ƙarshe ta mulkin Seyni Kountché. A 2009 wuta ta sake lashe wani sashe. Duk wanda ya zaga layin masu jakunkuna a yau, kamar yana karanta tarihin tafiye-tafiyenmu ne a rataye: Gana-mas-go a ninke, akwatuna masu taya daga Sin da Dubai, jakunkunan 'yan makaranta masu hoton 'yan ƙwallo, can gefe kuma tulin na gwanjo, waɗanda mu nan muke kira bosho, da suka sauka a tashar ruwan Lome ko Kwatano. Akwatin ƙarfe mai fenti kuwa sai dai ka nausa Katako. Gafaka ta koma kayan tsaraba na baƙi.

A shekarar da aka buɗe sabuwar kasuwar, 1987, wani matuƙin jirgin sama a Amurka mai suna Robert Plath ya ƙera akwatin da ake ja a tsaye da taya biyu da doguwar mariƙa. Shi ne uban duk waɗanda muke gani yanzu. Amma a tuna wa ya ƙera shi da kuma inda ya yi niyyar jan sa: daɓen filin jirgi mai santsi. Ita kuwa jakar goyo ta masu hawan dutse daga wata hanya ta fito. A 1952 Dick Kelty ya fara ɗinka jaka a kan ƙashin gorar ruwa, daga baya aka ƙara mata ɗamarar ƙugu, sannan a 1967 Greg Lowe ya mayar da ƙashin cikin jakar. Hikimar ɗaya ce da ta gammo, wato a raba nauyi a kai shi inda jiki ya fi ƙarfi. Gammo yana sauke shi a kan ƙashin baya a miƙe, ɗamara tana sauke shi a kan ƙugu.

Mu a Nijar a bayan baƙi muka fara ganin irinta: 'yan sa-kai na Amurka na Peace Corps, waɗanda suka zauna a ƙauyukanmu daga 1962 zuwa 2011, da Turawan da ke ratso Sahara a shekarun 1980 suna sayar da tsofaffin Fijo a Arlit da Agadas da Yamai, da masu hawan tsaunin Bagzan a Abzin. Mun yi musu dariya, ƙato da goyo sai ka ce mai jego. Yanzu duk ɗan aji ɗaya da tasa.

Na san wani zai ce, mu ina ruwanmu da hawan dutse? Ai tafiyar ƙasarmu ba ta shaƙatawa ba ce, shi ya sa ta fi tasu buƙatar jaka ta gari. Malamin kwantiragin da aka tura ƙauye, mota ta sauke shi a bakin kwalta, saura kilomita bakwai na rairayi ko bayan kabu-kabu, mai hawan dutse ne ko bai sani ba. Ɗalibin da zai kwana a bas daga Damagaram zuwa Yamai, kusan kilomita 900, kafin ya ga filin jirgin Diori Hamani, haka. Da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, matafiya suka koma ƙetare kogi da kwale-kwale, kusan a mashigar da fataken goro suke biyan fito. Mai akwatin taya a nan sai ya nemi ɗan dako, ko ya ɗora a ka.

Shi kuma jirgin sama ya dawo mana da abin da mota ta ɗauke, wato iyaka. Da can, zamanin Air Afrique, wanda Nijar tana cikin ƙasashen da suka kafa shi a 1961 har ya durƙushe a 2002, jirgi na manyan ma'aikata ne da alhazai. Yau ɗan talaka mai gurbin karatu yana hawa, kuma sikeli ba ya duba fuskar kowa. Kowane kamfani da nasa awo, amma duk kusa suke da juna: tsawon jakar hannu santimita 55, faɗi 35 zuwa 40, kauri 20 zuwa 25. Jirgin Habasha kilo 7 yake ba ƙaramin fasinja, na Turkiyya kilo 8. Alhazan Najeriya sun daɗe da sanin jakar kilo 8. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 aka tsananta hana wuƙa da almakashi da duk abu mai kaifi. Daga 2006 kuma aka ƙayyade abu mai ruwa, kwalba ba za ta wuce mililita 100 ba. Batirin ajiye caji na waya kuwa akasin haka ne, dole ya kasance a hannu, ba a yarda ya shiga cikin kayan awo.

An ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma akwai gaskiya a nan. Jakar hawan dutse ta ainihi doguwa ce siririya, mai cin lita 60 ko 70, tana wuce keyar mai ita, ga igiyoyi suna reto ta ko'ina. Ƙashin da ke cikinta ba ya lanƙwasuwa, don haka ko rabi ka cika ta, ba za ta shiga ma'aunin ƙarfen da ke bakin ƙofar jirgi ba. Jakar da aka yi domin jirgi kawai kuma sau da yawa akwati ne da aka liƙa wa maɗauri, bayan tafiyar rabin awa kafaɗa za ta fara kuka. Mahaɗar biyun tana wajen lita 35 zuwa 40. Wannan ba ta isa mai sati biyu a tsauni da tanti da tukunya, amma ta ishi ɗalibi da malami da ɗan kasuwa.

Idan na raka wani kasuwa, abu na farko da nake sa shi ya riƙo shi ne tef ɗin tela. Lambar da aka rubuta a jikin jaka ba abin dogaro ba ce, musamman jabun da ke ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, za ka ga an rubuta lita 80 a jikin abin da bai kai 45 ba. A auna bayan jakar daga ƙasa zuwa sama, wurin da ke da tauri. In ya wuce 55, a mayar, ko da mai shago ya rantse cewa alhaji wane ya je Dubai da irinta. Wataƙila ya je ɗin, a ranar da ma'aikaci bai duba ba. Sai a ɗaga ta ba komai a ciki. Akwatin taya yakan cinye kilo biyu da rabi zuwa uku shi kaɗai, jakar goyo mai kyau ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. Ga wanda aka ba kilo 7, wannan bambancin shi ne littattafai biyu da rigar sanyi.

Sannan ɗamarar ƙugu. Wani siririn zare da ake liƙawa don ado ba ɗamara ba ne, ana son mai faɗi mai soso, wadda za ta zauna a kan ƙashin ƙugu. A juya jakar a duba ɗinkin da ya haɗa maɗauri da jiki, domin nan ne take fara mutuwa. A ja zif sau goma, a duba ko yana da kai biyu da za a iya sa wa ɗan kwado. Wadda ke buɗewa baki ɗaya kamar akwati ta fi wadda ake zura hannu ta sama, saboda a shingen jami'ai da wurin bincike na filin jirgi za a ce a buɗe, kuma ba daɗi yaro ya zazzage kamfansa a gaban jama'a yana neman takarda. A wannan fanni ni na fi yarda da tsohuwar bosho ta asali da sabuwar jabu mai ƙyalli, in dai rufin cikinta bai fara ɓarewa yana danƙo ba. Zif da maɗauri maɗinka na gyarawa, rufin ciki ba ya gyaruwa.

Akwai abu guda da ba na sassauci a kansa, shi ne launi. Samari suna son mai zanen kakin soja. A yankin da shingaye suka yi yawa irin namu, wannan neman magana ne, a Najeriya ma doka ce ta hana farar hula amfani da kayan da suka yi kama da na soja. Baƙa ko shuɗiya ko ruwan toka ta wadatar.

Abin da zai shiga ciki kuwa, ƙa'idar gafaka ce. Fasfo, takardar shaidar Bak ta asali, takardar haihuwa, wasiƙar makaranta, katin rigakafin shawara, magani in yana sha, waya da na'urar cajinta, tufafi na kwana uku, da riga mai kauri ɗaya, domin wanda ya tashi daga zafin Yamai ya sauka Istambul ko Aljas a watan Oktoba zai gane bambanci tun daga matakalar jirgi. Kayan awo sukan makara, musamman in an canza jirgi a hanya, wani lokaci kwana biyu, wani lokaci su ɓata ɗungurungum. Yaron da takardunsa ke bayansa zai yi rajista ko akwati bai iso ba. Wanda aka cusa wa takardu a ƙasan babban akwati tsakanin garin kuka da daddawa, zai zauna a ƙasar da bai san kowa ba yana jiran kaya, ranar rufe rajista tana matsowa.

Ban raina garin kuka ba, kuma na san abin da ke zuciyar uwar da take ɗaure shi. Ba ta da wata hanyar bin ɗanta sai wannan ƙullin. A sa shi a kayan awo in akwai. Amma zuma da man shanu da manyan kwalaben turare ba za su wuce a hannu ba, a gaban idon yaro za a jefa su a kwandon shara. Kilishi kuma, duk da shi ne alfaharinmu, ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shigo da nama daga waje, don haka mai zuwa can a bar shi ya ci nasa a gida.

Ga 'yan'uwana malamai, akwai darasin lissafi kyauta a nan. A ba 'yan aji awon 55 da 35 da 25, su ninka, za su samu 48,125, wato lita 48 da ɗoriya, sannan a tambaye su me ya sa jakar da ta cika wannan awo daga waje ba ta cin fiye da 40 daga ciki. A kawo sikeli kuma a auna jakunkunan da suke zuwa da su kullum. Likitoci da dama suna ba da shawarar kada jakar yaro ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin jikinsa, kuma ina tabbatar muku za ku samu 'yan firamare da suka zarce haka, suna tafe a sunkuye da maɗauri ɗaya a kafaɗa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a saya da sauran mako biyu ko uku. A yi sharaɗi da mai shago cewa za a iya canzawa in ba ta yi ba, yawancinsu suna yarda in an faɗa tun kafin a biya. A cika ta da ainihin kayan da za a tafi da su, a kai wa mai sikeli a auna, sannan yaron ya goya ta, ya ɗaure ƙugu, ya taka daga ƙofar kasuwa zuwa Gadar Kennedy ya dawo. In ya dawo yana murza kafaɗa, ko dai ɗamarar ba ta zauna ba, ko jakar ta fi bayansa tsawo. In zufa kawai ya yi, a kai ta wurin maɗinki ya ƙara bin ɗinkin maɗaurin da zare mai kauri, a rubuta sunansa da lambar wayar gida a jikin rufin ciki.